Murar Zazzaɓi Ta Kama Ki Kina Shayarwa: Yadda Za Ki Yi Jinya Ba Tare da Kin Raba Jariri da Nono Ba

Da zarar hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe gari, gida-gida sai tari da atishawa. Maigida ya kwanta kwana uku ya miƙe, yara su kwaso a makaranta su rarraba wa juna. Wadda abin ya fi yi wa nauyi ita ce mai goyo, don ita ba ta da hutun jinya. Gaɓoɓi na ciwo, kai na sarawa, ga jariri yana neman nono dare da rana. A wannan halin ne ake yawan ba ta shawarar ta dakata da shayarwa har zazzaɓin ya sauka, wai kada ta shayar da yaro ciwo, ko wai nonon ya yi zafi ya gurɓace. Masu faɗin haka galibi iyaye ne da kakanni, kuma don ƙaunar jaririn suke faɗi. Sai dai shawarar ba daidai ba ce, kuma bin ta yana iya jefa yaron cikin abin da ake guje masa.

Ƙwayar cutar mura ba ta bi ta ruwan nono. Hanyarta numfashi ce: feshin tari da atishawa, da majina ko yawun da ya taɓa hannu, hannun kuma ya taɓa hanci ko bakin wani. Mai ɗauke da ita yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa, saboda haka ranar da kika fara jin zazzaɓi jaririnki ya riga ya shaƙi iskar da kika shaƙa. A daidai lokacin kuma jikinki ya fara haɗa sinadaran kariya na yaƙar wannan ƙwayar, suna gangarawa cikin nono zuwa gare shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a yi masa allurar rigakafin mura, don haka garkuwar da yake tsotsa daga jikinki tana da muhimmanci ƙwarai gare shi. In aka cire shi daga nono an bar shi da ƙwayar cutar, an kuma ɗauke masa kariyar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suke kan magana ɗaya: mai mura ta ci gaba da shayarwa.

Da farko, tabbatar murar ce

Mura kala biyu ce a aikace. Akwai ta yau da kullum, mai zuwa a hankali da yoyon hanci da atishawa da ɗan kaikayin maƙogwaro, mace na harkokinta da ita. Akwai kuma infuluwenza, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya: da safe kina lafiya, kafin la'asar jiki ya ɗau zafi, ga rawar ɗari, ga ciwon tsoka da baya, ga busasshen tari da kasalar da ko ɗaga kai ba ki so. Ita ce abin magana a nan, kuma ba abin rainawa ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna tana yi wa mutum miliyan 3 zuwa 5 mummunan kamu duk shekara, tana kuma sanadin mutuwar tsakanin 290,000 da 650,000. Ga yawancin mutane zazzaɓin yakan sauka cikin kwana 3 zuwa 7, tari da gajiya su ɗan jima har mako biyu ko fiye.

To amma a ƙasarmu ba kowane zazzaɓi da ciwon jiki ba ne mura, kuma a nan mata da yawa suke yin asarar lokaci. Zazzaɓin cizon sauro yana fara wa mutum kusan iri ɗaya. Gwajinsa ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Ki yi shi tun ranar farko ko ta biyu. Kada ki sha maganin maleriya a kan zato, kada kuma ki zauna kina sirace alhali maleriya ce ke cin ki.

Sai ki duba nonon kanki. In wani sashe ya yi tauri, ya yi zafi, yana zogi in an taɓa, wataƙila fatar wurin ta yi ja ko ta yi sheƙi, to kumburin nono ne ya kawo zazzaɓin da rawar ɗarin. Shi ma ba a daina shayarwa dominsa, barin nonon ya cika shi ke ƙara dagula shi, amma in ya kwana ɗaya bai lafa ba yana bukatar a gani a asibiti.

Wadda ba ta yi arba'in ba kuwa, hukuncinta daban ne. Duk zazzaɓin da ya kama mai jego cikin mako 6 da haihuwa a kai ta asibiti, ko da akwai tari da majina tare da shi. In jinin biƙi ya canza wari, ko mara tana ciwo, ko ɗinkin aiki yana ruwa, cuta ce ta shiga mahaifa ko rauni, kuma tana saurin bin jini. Haka nan mai jegon da ke tari da haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ƙafafu sun kumbura, wannan zuciya ce ake zargi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Mace tana iya kwashe kwanaki ana ce mata sanyi ne ya shige ta, alhali ruwa ne ke taruwa a huhunta. Sanƙarewar wuya da ƙin haske a lokacin rani alamar sanƙarau ce, ciwon maƙogwaro mai kumbura wuya da hana haɗiya kuma yana iya zama mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake jinya a ɗaki.

Yadda za ki ba shi nono ba ki ba shi mura ba

Tunda ta hanci da baki da hannu cutar take bi, can za ki tsare. Kafin ki ɗauke shi, ki wanke hannu da sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. In tashi yana yi miki wuya, a ajiye miki buta da sabulu da roba kusa da gado, ko man tsaftace hannu irin wanda aka saba da shi lokacin korona. Sannan ki sa takunkumi ya rufe hanci da baki duk lokacin da yake jikinki. In babu na kemis, kyalle mai tsabta ninki biyu ya fi babu, a riƙa wanke shi kullum ana shanyawa a rana.

Akwai wani abu da muke yi ba tare da mun lura ba: share hanci da gefen zane ko hijabi, sannan a goge wa yaro baki da shi, ko a goya shi da zanen. A kwanakin nan ki ware tishu ko hankici na majina kaɗai. Tishu a jefar nan take, hankici a wanke da sabulu. In tari ya taso kina tsakiyar shayarwa, ki kawar da kai ki yi shi a cikin gwiwar hannu. Ba sai kin wanke nono kafin kowace shayarwa ba, yawan sabulu yana busar da kan nono ya tsattsage. Sai dai in kin yi tari ko atishawa a kan ƙirjinki a buɗe, to ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu kafin ki ba shi. Sumbatar fuska da hura masa iska a ido don wasa, da ɗanɗana cokalinsa in ya fara cin abinci, duk a jingine su na mako guda.

In zama yana gajiyar da ke, ki shayar a kwance ta gefe, shi ma a kwance yana fuskantar ki. Amma a samu wani a kusa da zai ɗauke shi in ya ƙoshi. Mace mai zazzaɓi, balle wadda ta sha magani mai sa barci, tana iya yin nauyin barcin da ba za ta ji yaro a gefenta ba. A kwanakin jinya ya kwana a shimfiɗarsa, a rigingine, ɗan nesa da fuskarki, kamar taku biyu, cikin gidan sauronsa.

Sauran hidimarsa, wanka da canza famfas da rarrashi da goyo, a bar wa mai lafiya a gidan. A nan maigida da uwar miji da 'yan'uwa suke da aiki na gaske. Maimakon a ce mata ta daina ba shi nono, a ɗauke mata girki da wanki da shara da ɗawainiyar sauran yara, a bar ta da abu biyu kawai: shayarwa da barci. In kuma ana cikin kwanakin barka ko suna, ba rashin kunya ba ne a ce wa baƙi yaro yana barci. Jariri ɗan kwana bakwai da ke yawo hannu-hannu a ɗaki cike da masu tari yana cikin haɗarin da ya fi na murar uwarsa.

In jiki ya ƙi gaba ɗaya

Wata rana ciwon yakan kai inda ko riƙe yaron ba za ki iya ba, ko a kwantar da ke a asibiti. Nan sai tatsa. Amfaninta biyu: yaro ya samu abincinsa, nono kuma bai ɗaure ya kumbura ko ya ƙafe ba.

Ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki samu kofi mai faɗin baki da aka wanke da sabulu aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ɗora tsumma mai ɗumi a kan nonon na ɗan lokaci, ki shafa shi a hankali daga sama zuwa kai. Sai ki sa babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan nono, manuniya a ƙasansa, ki danna su baya wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki. Kada ki ja kan nonon, kada kuma yatsun su riƙa zamewa a kan fata. Da fari ɗigo-ɗigo zai zo, daga baya ya ɓalle. In ya rage gudu ki zagaya da yatsun wani gefen, bayan minti 3 zuwa 5 ki koma ɗaya nonon, ki yi ta musanyawa har minti 20 zuwa 30. Ki yi haka duk lokacin da yaron ya saba sha. Ga ƙaramin jariri, kusan duk awa 3 ke nan, har da dare.

Nonon da aka tatsa, in an rufe shi, yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Ɗakunanmu da rana sukan fi haka, don haka a ba shi da wuri. A firij yana kai kwana 4, amma firij ɗin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba a yi masa wannan lissafin. In za a ɗumama, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Mai ba shi ta zaunar da shi a cinya kansa a ɗage, ta ɗora bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa, ta karkata har nonon ya taɓa leɓen, ta bar shi ya riƙa lasa da kansa. Ba a ɗura masa. Kofi ya fi fida sauƙin wankewa, kuma ba ya sa yaro ya ƙi nono daga baya.

Maganin da za ki sha da wanda za ki ƙi

Ni a ganina nan ne haɗarin ya fi yawa, fiye da murar kanta. An saba a aiki yaro kemis a ce a haɗo maganin mura, ya dawo da ƙwayoyi kala biyar a ƙullin leda, babu suna babu kwali. Mai shayarwa ba ta shan irin wannan haɗin. Duk abin da za ki haɗiya ki san sunansa, kuma duk wanda zai ba ki magani, likita ne ko nas ko mai kemis, ki fara gaya masa kina shayarwa da watannin yaron.

Na zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol shi ne na farko. Abin da ke shiga nono daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Babba yana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, ba ya sake sha sai bayan awa 4 zuwa 6, kuma ba ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Mai ƙaramin jiki sosai ko mai ciwon hanta ta nemi a rage mata. Ibuprofen ma ya dace da shayarwa, miligiram 200 zuwa 400 har sau uku a rana bayan an ci abinci, amma ban da mai olsa, da mai ciwon ƙoda, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar mata, da wadda ta sake samun ciki. Asfirin kuwa a bar shi, saboda alaƙarsa da wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yara masu mura.

Magungunan mura na haɗi, waɗanda ake talla cewa ƙwaya ɗaya ta gama komai, ki juya kwalin ki karanta. Yawancinsu akwai farasitamol a ciki, kin ga in kika haɗa da wani farasitamol ɗin daban kin zarce ƙa'ida ba ki sani ba. Sannan sukan ƙunshi maganin buɗe hanci. In kin ga an rubuta pseudoephedrine, ki ajiye shi: wani ƙaramin bincike da aka yi a Ostireliya a 2003 ya gano shan miligiram 60 sau ɗaya ya rage ruwan nono da kusan kashi 24 cikin ɗari a yini. Ɗan'uwansa phenylephrine ma gara a kauce masa. Na uku a cikin haɗin yakan zama chlorpheniramine, wato sinadarin Piriton, mai sa ke barci, wani lokaci har yaron. In yoyon hanci da atishawa sun dame ki, loratadine ko cetirizine sun fi dacewa da mai shayarwa. Toshewar hanci kuma ruwan gishiri na ɗigawa ya isa. In ta ƙi, maganin fesawa a hanci ya fi na haɗiya, amma kada ya wuce kwana 3 zuwa 5.

Kodin da tiramadol, ko a ƙwaya ko a ruwan maganin tari, babu su ga mai shayarwa. Jiki yana mayar da kodin ya koma mofin, wato maganin kashe zogi mai ƙarfi da ke sa barci, wasu matan kuma jikinsu yana yin hakan da sauri fiye da kima, ya bi nono ya sa jariri barcin da ba ya farkawa ya sha, har numfashinsa ya raunana. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan duka biyun a 2017. Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma har yanzu a duba kwalba kafin a sha.

Kafso kuma, su Ampiclox da makamantansu, ba sa taɓa ƙwayar mura ko kaɗan, don su bakteriya suke kashewa, mura kuwa bairos ce. Shan su ba dalili sai ya jawo miki da yaron gudawa, ya kuma sa ranar da ake bukatarsu su ƙi aiki. In likita ya duba ya ga murar ta rikiɗe ta zama nimoniya ko ciwon kunne, zai rubuta wanda ya dace, irin su amoxicillin, kuma ana shayarwa da shi. Chloramphenicol da tetracycline kada ki saya da kanki.

Akwai maganin da aka yi don infuluwenza kanta, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ana shan miligiram 75 safe da yamma na kwana 5, ya fi aiki in an fara cikin awa 48 da soma ciwo, kuma bai hana shayarwa ba. Likita ne ke rubuta shi, ba kuma kowane kemis ke da shi ba. Waɗanda aka fi so su same shi da wuri su ne wadda ba ta wuce mako 2 da haihuwa ba, da mai asma, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai ɗauke da HIV. In kina cikinsu kada ki jira ki ga yadda za ta kaya, ki je tun ranar farko. Magungunan da kike sha na yau da kullum kuma kada ki dakatar da su saboda mura.

Abin sha, abin ci, da ɗakin da kike kwance

Zazzaɓi yana ƙona ruwan jiki, shayarwa ma tana ja. Ki ajiye ruwa kusa, duk zaman shayarwa ki sha kofi guda. Fitsarinki ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, koko, romon kaza, farfesu mai ɗan yaji, lemon zaƙi, kankana, duk suna shiga ko da baki ba daɗi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. In akwai amai ko gudawa, a haɗa miki ruwan gishiri da sukari na sacet, ORS. In ciwon ya faɗo cikin azumi, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ki karɓa.

Shayin citta da kanumfari da lemon tsami da cokalin zuma yana sanyaya maƙogwaro yana rage tari, kuma daidai abin da ake sa wa a girki ba ya cutar da yaro. Kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ma yana taimakawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jiƙe-jiƙe da tsimin da ba a san abin da ke ciki ba, da magungunan gargajiya na kwalba da ake yawo da su a mota da lasifika. Baƙin shayi mai kauri da kofi da goro kuma a rage, suna hana yaro barci.

Sirace yana buɗe hanci na ɗan lokaci, amma ba ya kashe cutar. In za ki yi, yaron ya kasance a hannun wani a wani ɗakin, don tukunyar ruwan zafi da jariri ba sa zama wuri ɗaya. Shi kuma ba a yi masa. Man zafi irin su Robb, kada ki shafa a ƙirji ko nono inda fuskarsa ke kwanciya, kada kuma a sa masa a hanci. Mai jegon da zazzaɓi ya kama ta sassauta zafin ruwan wanka ya koma mai ɗumi, ta yi a zaune, wani yana kusa, don jiri yana kayar da mutum a banɗaki. Kanwa a kunu ma a rage ta sosai.

Sanyin hunturu yana sa a toshe ƙofa da taga a shigo da kaskon garwashi, a zuba turaren wuta. Hayaƙin yana ƙara tari, yana takura ƙaramin huhun jariri, garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A ƙara bargo, a bar kafar da iska za ta shiga ta fita, a turara ɗaki lokacin da yaron ba ya ciki.

Idonki a kan yaron

Duk da wannan kiyayewa yana iya kamuwa, kuma ba laifinki ba ne. In hancinsa ya toshe har yana sakin nono don ya numfasa, ki ɗiga masa ruwan gishiri na jarirai, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa, kafin shayarwa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. In bai kai wata 6 ba, nono zalla: ba ruwa, ba shayi, ba jiƙo. Zuma ba a ba wa yaron da bai shekara ba, ko lasawa ce, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Maganin tari da na mura na yara ma ba na jarirai ba ne. Farasitamol na ruwa sai da awon ma'aikacin lafiya, gwargwadon nauyinsa.

Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, ya kamata kowane gida mai jariri ya mallake shi. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne, ba a ba shi magani a jira safiya. Haka in jikinsa ya yi sanyi ƙalau ba kamar yadda ya saba ba. Ki koyi ƙirga numfashinsa: lokacin da yake kwance shiru, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga ɗagawar cikinsa na minti ɗaya cur. Ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ko yana gurnani, ko kafofin hanci suna buɗewa, ko leɓe da harshe sun yi duhu, kada a tsaya neman shawara. Haka in ya ƙi kama nono sau biyu a jere, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko ya yi jijjiga. Jaririn da ke samun isasshen nono yana jiƙa famfas ko nafkin kusan sau 6 a yini. In fitsari ya ragu sosai, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma abin da yake bukata asibiti ne, ba a shafa wa maɗigar komai.

Ke ma akwai inda jinyar gida take ƙarewa: numfashi yana yi miki wuya, ƙirji yana ciwo, jini a majinar tari, jiri ko ruɗewa, amai ba tsayawa, fitsari ya ɗauke, zazzaɓi ya wuce kwana 3 bai sassauta ba. Wanda aka fi sakaci da shi shi ne a ji sauƙi kwana ɗaya ko biyu, sai zazzaɓi ya dawo da tari mai tsanani. Sau da yawa nimoniya ce ta biyo baya. In za a kwantar da ke, ki nemi a bar yaron kusa ko a riƙa kawo shi, in ba hali a taimaka miki ki tatsa.

Bayan an samu sauƙi

Mata da yawa sukan ga nono ya ja baya a kwanakin ciwo, saboda rashin ci da ƙarancin ruwa da raguwar shayarwa. Kada ki yi saurin sayen madarar gwangwani. Nono gwargwadon tsotso yake zuwa: ki ƙara yawan sa shi a nono, ki ba shi duka biyun a kowane zama, kada ki tsallake na dare, ki riƙa rungume shi fata da fata. Cikin 'yan kwanaki yakan dawo yadda yake. In mako ya wuce bai dawo ba, ko fitsarin yaron ya ragu, ko awo ya nuna ba ya ƙara nauyi, ki je wurin ma'aikatan awon yara su duba yadda yake kama nonon.

Takunkumi da yawan wanke hannu ki ci gaba da su har kwana 7 daga ranar da ciwon ya fara, kuma sai kin yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da kin sha maganin sauke shi ba.

Allurar rigakafin infuluwenza duk shekara ake sabunta ta, domin ƙwayar tana sauya kama. Ba ta hana shayarwa, mai ciki ma ana yi mata, kuma kariyar tana isa ga jariri a watanninsa na farko. Ba ta cikin alluran yara na yau da kullum da ake yi kyauta a Najeriya, an fi samun ta a manyan asibitoci da masu zaman kansu. Hukumomin lafiyar Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta, kuma duk wanda ya taɓa tarbar alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi, don haka gidan da ke da jariri a yi hattara da masu zuwa da masu dawowa a wannan lokacin. Alluran yaron na ƙa'ida, musamman Penta da ta nimoniya a mako 6 da 10 da 14, kada a ɗaga su saboda kina mura. In ba za ki iya fita ba, babansa ko wata 'yar'uwa ta kai shi da katinsa.